Nazarin Waƙar Soyayya: Wata da Fitila

Idan aka ba ku waƙar soyayya ku yi nazari, kada ku yi saurin cewa jigonta so ne kawai. Sau da yawa mawaƙi yakan fara da daɗin so, alhali inda ya dosa shi ne abin da son ya haifar. Ku karanta waɗannan baitoci biyu da aka tsara domin wannan darasi. Mai maganar saurayi ne daga unguwar Arawa ta cikin garin Gombe:

Na ga wata a Arawa ya haska,
Na kashe fitilata don murna.

Gari ya waye watan ya faɗi,
Ga ni cikin duhu ga kuwa rana.

Ta fuskar tsari, waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti yana da ɗango biyu, amsa-amonta kuma "na".

Yanzu ku tsaya a kan kalmar "wata". A rubuce tana da ma'ana biyu: watan da ke sama, da kuma wata mace. Karin sauti ne yake bambanta su a baki. Mai karatu zai fara zaton budurwa aka gani, sai "ya haska" ta nuna masa cewa na sama ake nufi, domin da mace ce da an ce "ta haska". Duk da haka budurwar ba ta fita daga zuciyarsa ba. Wannan salo shi ake kira siffantawa: an mai da ita wata kai tsaye, ba a ce "kamar wata" ba.

Fitilar fa? Ita ce hasken da saurayin yake da shi tun kafin ya ga yarinyar: karatunsa, ko sana'arsa, ko shawarar iyayensa. Haskenta kaɗan ne, amma nasa ne. Ku lura da wanda ya kashe ta. "Na kashe" ya ce, bai ce an kashe masa ba. A nan waƙar ta fi ƙarfi, domin ba ta ɗora wa budurwar laifi ba. Wata dai fita yake yi ya faɗi a kan lokacinsa. Hausawa sukan ce so hana ganin laifi, shi kuwa wannan saurayi gobensa ce son ya hana shi gani.

Ɗango na ƙarshe ya haɗa kishiyoyi biyu, duhu da rana. Duhun ba na gari ba ne, na nadama ne. Saboda haka babban jigon gargaɗi ne, soyayya kuwa ƙaramin jigo.

Ba kowane mawaƙi ne yake sakaya gargaɗi haka ba. A waƙar "'Yar Gagara" da ke cikin littafin Fasaha Aƙiliya, Alhaji Aƙilu Aliyu ya fito fili ya soki halin karuwa. Idan kun sami waƙar, ku kwatanta su: wa aka ɗora wa laifi a can, wa aka ɗora wa a nan?