Kwanson harsashi da ya lotsa: abin da maharban Gabi ya kamata su sani

Idan aka gama girbi, gero ya shiga rumbu, maharban Gabi sai su tuna da dajin Baban Rafi. Akwai zomo, akwai fakara da zabin daji. Mafi yawansu bindigar toka gare su, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wasu kuwa suna da bindiga mai cin harsashi. To harsashi yana da tsada. Shi ya sa in mutum ya harba, sai ya tsince kwanson ya sa aljihu, don a sake cika masa.

Kwanson harsashin bindiga mai dogon zango na tagulla ne. Jan ƙarfe ne kashi 70, tutiya kashi 30. An zaɓi tagulla don tana da taushi. Lokacin da albarushi ya kama wuta, kwanson yakan kumbura ya manne da cikin bindiga, ya toshe hanyar baya. Ta haka wuta da hayaƙi ba su komawa fuskar mai harbi. Ƙarfin da ke cikinsa a wannan lokaci ba kaɗan ba ne. Wurin da bai wuce faɗin farce ba yana ɗaukar nauyin tan 3 ko fiye.

Kwanson da aka harba ya riga ya buɗe. Kafin a sake aiki da shi sai an matse shi ya koma yadda yake. A Amurka da Faransa, inda wasu maharba suke wannan aiki da izinin hukuma, na'ura gare su mai hannu. Tana tura kwanson cikin wani ƙarfe mai rami daidai jikinsa. Ana shafa wa kwanson mai kaɗan don kada ya maƙale. Su ma suna kuka da lotsawa. Kwanso ya shiga lafiya, ya fito da ɗan rami a kafaɗa, kamar an danna shi da tsinke.

Dalilin ba wuya. Mai ne ya yi yawa. Ruwa da mai ba su matsuwa. Wanda ya cika tulu fal ya ce zai tura masa marfi ciki ya san haka. Man da ya taru a kafaɗar kwanso ba shi da wurin fita, sai ya danna tagulla ciki. Wasu ƙarafan suna da ɗan ƙaramin huji a gefe don iska da mai su fita. In datti ya toshe hujin, kwanso goma a jere za su lotsa a wuri ɗaya. Maganinsu shi ne a wanke ƙarfen, a rage mai, kada a shafa shi a kafaɗa ko kaɗan. Yashi ma yana yin nasa. Ƙwaya ɗaya ta isa ta karce kwanso daga sama har ƙasa, kuma kowa ya san yashin Gulbin Gabi da ƙurar hunturu.

Wannan kenan a wurin masu kayan aiki da ma'auni. A ƙauye kuwa da guduma da ƙusa ake yi, albarushin kuma da ido ake auna shi. A nan haɗarin yake.

Ƙaramar lotsawa mai santsi ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne lanƙwasa mai kaifi, wadda farce yake maƙalewa a ciki, da tsaga a bakin kwanso, da wani zobe mai haske da yakan fito kusa da gindi. Tagulla kamar waya take. In ana lanƙwasa ta ana miƙewa, sai ta yi tauri, daga nan ta karye. Kwanson da ya sha matsa sau da yawa yana iya rabewa biyu a cikin bindiga. Wutar da ya kamata ta yi gaba sai ta dawo baya, inda ido da yatsu suke. Manomin da ya rasa ido ɗaya da rani, da shi zai yi noma har ƙarshen ransa. Daga Gabi kuma babban asibiti sai Maraɗi. Kuɗin mota da na magani sun fi kuɗin sabon harsashi nesa.

Harsashin da ya ƙi shiga bindiga da sauƙi, kada a tilasta shi. Kada a buga shi da dutse ko da ƙotar gatari. A cire shi kawai.

Akwai kuma maganar yara. Tun da ƴan bindiga suka fara shigowa yankin iyaka, masu kiwo suna tsintar kwanson harsashi a daji. Wasu sukan kai wa maƙeri don a yi zobe. Da yawa ma ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne aka shafe. Mayen ƙarfe yana kama su, tagulla kuwa ba ya kama ta. Babban haɗari shi ne a haɗa da wanda bai tashi ba, a jefa shi wutar maƙera. Zai fashe. Duk wanda kansa yake nan, ko gindinsa ba shi da alamar bugu, mai rai ne.

Doka ma tana da magana a nan. A Nijar riƙe bindiga sai da takardar izini. Farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta ce sai da lasin. Mai son bayani ya je wurin ma'aikatan gandun daji a Madarunfa. Wanda ya tsinci harsashi mai rai a gona ko a makiyaya, ya bar shi inda yake, ya sa alama da reshe, ya hana yara zuwa wurin. Sa'an nan ya gaya wa maigari, maigari ya sanar da jandarma.