Idan rijiyar gida ta fara warin fetur

A ranar 18 ga Janairun 2025, wata tankar fetur ta faɗi a mahaɗar Dikko da ke Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, wuta ta tashi, mutane da dama suka rasa rayukansu. Hankalin kowa ya koma kan gobarar. Sai dai duk inda mai ya malala, akwai kason da ƙasa ke shanyewa, wanda kan iya ɓulla a rijiyar gida bayan watanni.

Ba sai tanka ta faɗi ba. A wuri mai hada-hada irin Kasuwar Kure da ke Minna, inda janareta da injin niƙa ke aiki kullum, ɗigon fetur da baƙin mai na sauka ƙasa sannu a hankali. Tankin gidan mai da aka binne kuwa, idan ya yi tsatsa, yana iya shekaru yana yoyo ba wanda ya sani. Minna a kan dutse take zaune, ruwan rijiyoyinta na taruwa ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke kusa da sama, don haka mai ba ya doguwar tafiya kafin ya iske shi.

Babban abin tsoro a fetur shi ne sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikrogiram 10 a litar ruwan sha. A 2011, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan yankin Ogoni ya gano iyalai a Nisisioken Ogale suna shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka wannan ƙa'ida fiye da sau 900.

Hanci ba ma'auni ba ne, domin ruwa na iya ɗauke da gubar ba tare da wari ba. Masana kan fara da gano inda man ke fitowa a toshe shi. Daga nan su haƙa ƙananan ramuka kewaye da wurin, su ɗebi ƙasa a zurfi daban-daban, su auna tsayin ruwa a rijiyoyin unguwa don sanin inda yake gangarawa, sannan su kai samfurin ɗakin gwaji cikin kwalaben gilashi a rufe ruf da sanyi. Akan maimaita gwajin a damina da rani, saboda ruwan ƙasa na hawa da sauka.

Uwargida, idan kika ga maiƙo mai launuka a saman ruwa ko kika ji warin mai, a daina sha da girki da wankan yara da shi. Alif da tacewa da ƙyalle ba sa cire benzin, tafasawa kuma cikin iskar ɗakin girki take watsa shi. Maigida ya sanar da maƙwabta, a kai ƙorafi a rubuce ga hukumar kare muhalli ta jiha, wato NISEPA, ko hukumar NOSDRA ta tarayya mai sa ido kan malalar mai. Masu sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa su riƙa tambayar inda aka ɗebo shi.