Ƙofa Ɗaya da Taga Mai Ƙarfe: Shirin Gobara a Ɗakunan Kwanan Jami'a

Da asubahin ranar 14 ga Satumba, 2017, gobara ta tashi a ɗakin kwanan makarantar haddar Alƙur'ani ta Darul Quran Ittifaqiyah da ke Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Mutum 23 suka rasu, 21 daga cikinsu ɗalibai ne. Allah Ya jiƙansu. Bincike ya nuna da gangan aka cinna wutar, amma fasalin ginin ne ya yawaita asarar rayuka: ɗakin yana hawa na sama, wuta ta tare ƙofar fita ɗaya tilo, tagogi kuwa an rufe su da ƙarafe.

Wanda ya san ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'inmu ba zai ji wannan fasali baƙo ba. Ana sa ƙarfe a taga saboda ɓarayi, ana garƙame ƙofar baya da kwaɗo saboda tsaro, musamman a ɓangaren mata, kuma kowanne da hujjarsa. Sai dai ɗakin da aka gina wa mutum huɗu yakan ɗauki ninkin haka, ga risho, ga tukunyar gas, ga hita da dutsen guga duk a soket ɗaya. A ɗauke wuta da magariba, ɗaliba ta manta hita a jone, a dawo da wutar kowa na barci. Hatsarin yakan ƙaru a hunturu, lokacin da komai ya bushe, da kuma watan azumi, sa'adda ake girkin sahur ido cike da barci.

Sunna ba ta bar wannan babi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Zare hita daga soket da rufe kan gas suna ƙarƙashin wannan umarni a yau.

Amma kiyayewar ɗalibi ba ta sauke nauyin hukumar jami'a. Rataye jan tulun kashe gobara a bango bai zama shiri ba, balle idan wa'adinsa ya wuce ko babu wanda ya iya buɗe shi. Shiri shi ne a san wa ke riƙe da makullin ƙofa ta biyu da ƙarfe biyun dare, kuma ko yana kwana kusa da ita. A kowane ɗaki a bar taga guda wadda ƙarfenta ke buɗuwa ta ciki. A ware filin taruwa, a kira suna, don kada wani ya koma cikin hayaƙi neman abokin da tuni ya fita. Hayaƙin nan kuwa ya fi harshen wuta kisa, shi ya sa ake fita da rarrafe. Wutar lantarki ko ta man girki ba a zuba mata ruwa.

Duk wannan sai da atisaye, ko da sau ɗaya a zangon karatu, kuma da dare, domin da dare aka fi rasa rayuka. A nan masallacin jami'a yana da abin da ofisoshi ba su da shi: yana tara ɗalibai sau biyar a rana, yana da lasifika, ana kuma sauraron limaminsa. Reshen Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya zai iya gayyato 'yan kwana-kwana su yi bita bayan la'asar a makon karɓar sababbin ɗalibai.

Uban da ya raka 'yarsa makaranta yakan tambayi ruwa da kuɗin gado. Ya ƙara da zagayawa bayan ginin, ya taɓa ƙofar baya da hannunsa ya ga ko tana buɗuwa, sannan ya tabbatar lambar ofishin tsaron jami'ar da lambar gaggawa ta 112 suna cikin wayarta.