Hanya mai lamba 66: Yadda ake ratsa Amurka a motar haya mai ɗakin kwana

A ranar 11 ga watan Nuwamban 2026 ne hanya mai lamba 66, wadda ta tashi daga birnin Shikago ta dire a gaɓar tekun Fasifik a jihar Kalifoniya, ke cika shekara 100 da kafuwa.

Duk da cewa tun a 1985 hukumomin Amurka suka cire ta daga jerin manyan hanyoyin tarayya, har yanzu masu yawon buɗe ido daga sassan duniya daban-daban na tururuwa domin bin ta. Da dama daga cikinsu kan yi hayar wata irin mota ce mai gadaje da kicin da banɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV a taƙaice.

Tsawon hanyar mil 2,448 ne, wato kimanin kilomita 3,940, kusan ninki huɗu na tafiyar Legas zuwa Kano. Ta ratsa jihohi 8, kuma agogo kan sauya sau 2 kafin matafiyi ya kai ƙarshenta.

Tarihin hanyar

Wani ɗan kasuwa na birnin Tulsa a jihar Oklahoma mai suna Cyrus Avery na daga cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen shata hanyar, amma sai a 1938 aka kammala shimfiɗe ta baki ɗaya.

A shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka lalata gonaki a Oklahoma da maƙwabtanta, dubban iyalai manoma ta nan suka bi zuwa Kalifoniya neman abin sawa a bakin salati. Wannan ƙaura ce marubuci John Steinbeck ya gina littafinsa na 1939, The Grapes of Wrath, a kanta.

Sai dai ba kowa ne ya ji daɗin hanyar ba a wancan zamani. Baƙaƙen fata kan wuce gidajen mai da masaukai da yawa da ba sa karɓarsu, kuma akwai garuruwan da aka haramta musu kwana. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Green, ya fara wallafa wani littafin jagora a 1936, mai nuna musu inda za su ci abinci su kwana lafiya. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960.

Dokar gina manyan tagwayen hanyoyi da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956 ita ce ta karya lagon hanyar. Sabbin hanyoyin sun kewaye ƙananan garuruwa, ciniki ya mutu, kuma a 1984 aka kewaye gari na ƙarshe, wato Williams a jihar Arizona.

A 1987 wani mai aski a garin Seligman, Angel Delgadillo, ya jagoranci kafa ƙungiyar farfaɗo da hanyar a Arizona. A yau garuruwa irin nasa da masu yawon buɗe ido suka dogara.

Wace irin mota ce?

Motocin sun kasu gida uku. Akwai manya masu kama da bas ɗin safa, akwai ƙanana masu girman bas ɗin haya na cikin gari, sannan akwai matsakaita masu gado a saman kan direba. Matsakaitan ne kamfanonin haya irin su Cruise America da El Monte suka fi bayarwa, kuma tsawonsu kan kama daga mita 7 zuwa 9.

A cikin irin wannan mota akwai wurin kwanan mutum 4 zuwa 7, da murhun gas, da firji, da wurin wanka, da janareta. Tankunan ruwa 3 gare ta: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da kuma na bahaya. Mai haya ne da kansa zai riƙa zubar da na biyu da na uku a wuraren da aka keɓe, bayan 'yan kwanaki.

Harkar ba ƙarama ba ce a Amurka. Ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan motoci da tirelolin kwana ta ce a 2021 kamfanoni sun fitar da fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su.

Lasisin tuƙin ƙaramar mota ya wadatar ga motocin da ake bayarwa haya, ko da yake ana shawartar baƙo ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa. Kamfanoni kan buƙaci direba ya kai shekara 21, wasu kuma 25. A hannun dama ake tuƙi, kamar a Najeriya da Nijar.

Inda kuɗin ke tafiya

Kuskuren da sabbin masu haya suka fi yi shi ne ɗaukar kuɗin kwana ɗaya da aka tallata a matsayin abin da za su kashe.

Baya ga wannan, kamfanoni da yawa na cajin kowane mil da aka yi, da kowace sa'a da janareta ya yi aiki, da kayan shimfiɗa da tukwane. Akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa a katin banki har sai an dawo da mota lafiya. Wanda ya ɗauki mota a Shikago ya ajiye ta a Los Angeles kuma zai biya wani kuɗi na daban, domin kamfanin ne zai yi ɗawainiyar mayar da ita.

Sai kuma mai. Matsakaiciyar mota kan yi mil 8 zuwa 10 da galan ɗaya, galan ɗin Amurka kuwa lita 3.8 ne. Ke nan tafiyar za ta lashe tsakanin lita 900 da 1,200, ba tare da an lissafa ratse ba. Kusan kowa kuma yakan ratse, musamman zuwa babban kwazazzabon Grand Canyon, mai nisan kimanin kilomita 95 arewa da Williams.

Wurin kwana ma da kuɗi. Sansanoni masu zaman kansu, irin na kamfanin KOA da aka kafa a 1962, suna da wurin jona wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta. Na gandun dajin gwamnati sun fi araha amma suna saurin cika, don haka akan kama wuri watanni kafin tafiya. A jihohin yamma akwai filayen gwamnatin tarayya da aka yarda a kwana kyauta, galibi har kwana 14, sai dai babu wuta babu ruwa.

Idan aka haɗa lissafi, mutum 2 na iya samun sauƙi da ƙaramar mota da otal. Ribar motar mai ɗaki ta fi fitowa ga iyali mai yawa, waɗanda da sai sun kama ɗaki 2 kowane dare, su kuma sayi abinci sau 3 a rana.

Haɗurran da ke tattare da tafiyar

Motar ta kai kimanin mita 3 da rabi a tsaye, don haka dole direba ya riƙa karanta allon kowace gada da rumfar gidan mai kafin ya kutsa. Inshorar haya sau da yawa ba ta biyan ɓarnar da aka yi wa rufi. Nauyinta kan sa birki ya ɗauki nisa kafin ta tsaya, iska mai ƙarfi kuma kan ture ta a filayen Teksas da New Mexico.

Wasu sassan tsohuwar hanyar ba su dace da doguwar mota ba. Misali shi ne hawan Sitgreaves da ke kan hanyar garin Oatman a Arizona, mai ƙunci da kwane-kwane a gefen dutse.

Yanayi ma abin lura ne. Daga Afrilu zuwa Yuni ne aka fi samun mahaukaciyar guguwa a Oklahoma. A tsakiyar shekara zafi a garin Needles da ke hamadar Mojave kan haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, yayin da Flagstaff, mai tudun kusan mita 2,100, ke shan dusar ƙanƙara a lokacin hunturu. Wannan ne ya sa da yawa ke zaɓar watannin Satumba da Oktoba.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani, wato hayaƙin janareta da na gas, wanda ke kashe mutane cikin barci. Motocin na da na'urar gargaɗi, kuma wajibi ne a gwada ta tun ranar karɓar mota. Kamfanoni da dama ba sa miƙa mota ga wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi a ranar, sai ya kwana ya huta.

Abinci da ibada a hanya

Ga matafiyi Musulmi, kicin ɗin motar na warware matsalar da ta fi damun mai bin ƙauyukan Amurka. Ana iya sayen naman halal a Shikago, musamman a titin Devon, a cika firji, sannan a ƙara a manyan biranen da ke kan hanya. Akwai masallatai a St. Louis da Tulsa da Oklahoma City da Amarillo da Albuquerque, abin da ke ba da damar tsara tafiya yadda Juma'a za ta riski mutum a gari. Alƙibla a can tana arewa maso gabas ne.

Masu gaggawa na iya gama hanyar cikin mako guda, amma waɗanda suka saba da ita kan ware mako 2 zuwa 3, suna yin kilomita 250 zuwa 300 a rana. A garin Adrian na Teksas akwai allon da ke nuna an kai rabi, mil 1,139 ta kowane ɓangare.

Tafiyar kan ƙare a bakin teku a Santa Monica. Daga nan sai mai haya ya zubar da tankuna, ya cika mai, ya share motar, ya mayar da ita a kan lokaci, domin kowanne daga cikin waɗannan da ya bari za a cire kuɗinsa daga ajiyarsa.