Lissafin Dare a Sama Road

Akwai wani mai shayi a Sama Road, a nan Sakkwato, da nake zama wurinsa idan zafin bazara ya hana ni shiga ɗaki da wuri. Da ƙarfe sha ɗaya ta gota, 'yan kabu-kabu sun fara janye jiki, sai ya kashe wuta, ya jawo benci, ya zazzage kuɗin ciniki a kan tebur. Amma ba zai taɓa su ba tukuna. Kiret ɗin ƙwai yake fara dubawa: nawa ya zo da su, nawa suka rage, nawa suka fashe. Daga nan sai burodi, sai gwangwanayen madarar da ya huda, sai wani ɗan littafi da maiƙo ya cinye bangonsa, inda yake rubuta sunayen masu cewa "sai gobe". Sai ya gama da waɗannan duka yake ƙirga kuɗin, ya haɗa da abin da ya shigo ta waya. Na taɓa tsokanarsa na ce wannan wahala ta me ce, tunda kuɗi ga su a gabansa. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, wagga sana'a in ba ka lissahi kullum, uwar kuɗi za ka ci kana dariya."

Abin da yake yi wa teburinsa shi ne abin da malamai suka ce mutum ya riƙa yi wa kansa, suka kira shi muhasaba. Wani malamin Bagadaza, Harisu bin Asad, wanda ya rasu a shekarar 857, saboda yawan yi wa kansa hisabi har laƙabin ya bi shi, yau da Muhasibi aka fi saninsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan wannan batu, kuma misalin da ya kawo na 'yan kasuwa ne. Da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi kamar yadda kake yi wa abokin haɗin jari, da rana ka sa masa ido, da dare ku zauna lissafi. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa hasara. Ba na tsammanin mai shayina ya taɓa buɗe Ihya, amma tsarin nan ya iya shi sarai.

Dalilin fara ƙirga ƙwai kafin kuɗi shi ne nauyin aljihu yana ruɗi. Ranar da aka cika maƙil ana ta "ba ni kauri", kana iya tashi da faɗuwa, kai kuwa jikinka yana gaya maka an yi ciniki. A karatu ma haka abin yake, har ma ya fi muni, domin ɗalibi ba shi da kiret ɗin da zai duba. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka karanta a zama ɗaya, aka ɗauke takardar, aka ce su rubuto abin da suka tuna, har sau uku. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu jarraba kansu sun tuna kashi 61. Abin da ya fi ɗaure mini kai a nan shi ne, waɗanda suka yi ta karantawar su ne suka fi tabbatar wa masu binciken cewa ba za su manta ba. Ido ya saba da shafi, zuciya ta ɗauka an iya.

Tsangaya ta daɗe da gano wannan tarkon. Gardin da ya ce ya haddace, ba a musu da shi. Allo za a miƙa masa ya yi satu, wato ya rubuto ayoyin da ka, ba tare da duba Mus'hafi ba. Sannan ya kai allon darasu, gaban gwanaye, a bi shi harafi bayan harafi, wasali bayan wasali. Inda ya sa ɗigo ɗaya maimakon biyu za a nuna masa, a gaban kowa. Wanda ya sauke ma ba a ƙyale shi ba, sai ya koma tishe. Ka ga ashe bitar kai tana da ƙafa biyu: ka fitar da abin da ke cikinka ka aza a fili, sannan ka bar idon wani ya gani.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin wannan ya shige ni. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, galibin ajina suka faɗi tambaya guda a jarrabawa. Na shiga ɗakin malamai ina ta sababi, yaran zamani ba sa karatu, sai waya, iyaye sun sakar musu. Kowa ya taya ni, don irin wannan hira ba ta rasa masu amshi. Da dare ina shigar da maki sai na lura kuskuren nasu iri ɗaya ne, kamar an buga da hatimi. Malalata ba sa yin kuskure iri ɗaya. Na ɗauko littafin wata yarinya da na san ba ta wasa da kwafar abin da ke kan allo, na buɗe. Ga kuskuren nan zaune daram, yadda na rubuta musu shi da hannuna makonni shida da suka wuce. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ni kuwa har da tsayawa a kan nawa ina huɗuba.

Sai dai a kula, akwai abin da ke kama da muhasaba alhali waswasi ne. Mutum ya kwanta yana juyi, yana tuno maganar da ya yi a wurin ɗaurin aure shekara biyar baya, yana ce wa kansa shi dama ba ya abin kirki. Wannan ba ya haifar da komai sai hawan jini. Lissafi na gaskiya yana da ƙarshe, kuma tambayarsa ƙarama ce: da me na fito yau, me ya faru, ina aka samu giɓi, me zan sauya gobe. Minti goma bayan isha'i sun isa, in har waya ta yarda ta ba ka su.

Mu a Sakkwato muna da misalin da ya fi na aji nauyi. Shekaru kaɗan bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda yake wazirinsa kuma jagoran yaƙi, ya dubi jama'ar da suke tare ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Da yawa daga mutanen kirki sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya fara karkata ga muƙami da dukiya, ana sakaci da masallatai da makarantu. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813, kuma bai tsame kansa daga cikin masu laifin ba. Tsoron kada abin ya ci shi ya sa ya bar rundunar ya nufi gabas, da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya isa Kano sai mutanen garin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri. Sannan ya sake duba shawarar da ya yanke wa kansa, ya ga ita ma tana buƙatar gyara, ya juya akalarsa ya koma wurin Shehu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, shi kuma ya ci gaba da rubutu da karantarwa har rasuwarsa a Gwandu.