Babi Na Tara: Ƙanjamau da Laifin da Ake Ɗora wa Sauro

Duk wanda ya taɓa kwana a Wurno, ko a ƙauyukan da ke bin gulbin Rima ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, ba sai an yi masa bayanin sauro ba. Ga fadamun shinkafa, ga hanyoyin ban-ruwa, ruwa kwance rani da damina. Shi ya sa da zarar an tayar da zancen ƙanjamau a majalisa, tambayar da ke fara fitowa ita ce: "To malam, sauron da ya ciji mai cutar ya zo ya cije ni fa?" A kan wannan tambaya zan fi daɗewa, amma bari mu fara da asali.

Ƙwayar cutar, wadda ake kira HIV, ta samo tushe ne daga wata ƙwaya mai kama da ita da ke jikin birai a dazukan kudu maso gabashin Kamaru. Masana sun fi karkata ga cewa wajen farauta da fiɗa ta shiga jinin mutum, a farkon ƙarni na 20, sannan ta bi kogi da 'yan kasuwa har birnin Kinshasa, inda aka samu jinin wani mutum da aka ɗiba a 1959 yana ɗauke da ita. Duniya ba ta farga ba sai a 1981, lokacin da likitoci a Amurka suka ga samari suna mutuwa da cututtukan da ba su cika kayar da mai lafiya ba. A 1983 masu bincike a cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar. A Najeriya kuwa, 1986 aka fara ba da sanarwar samunta.

Aikinta a jiki irin na gara ne a azara: tana cin fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4 a ɓoye, mutum yana noma, yana kasuwa, har shekara takwas ko goma. Sai garkuwa ta karye sannan tarin fuka, gudawa da rama su bayyana. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau.

Mu koma ga sauro. Masu zarginsa sun ɗauka sirinji ne mai fiffike, yana zuƙo jinin wannan ya ɗura wa wancan. Ba haka Allah ya halicce shi ba. A bakin macen sauro, don ita kaɗai ke cizo, hanyar da take zuƙar jini daban, hanyar da take zuba miyau daban. Abin da take bar maka a fata miyau ne, wanda ke hana jini daskarewa, shi ne kuma ke sa ƙaiƙayi. Jinin da ta sha cikinta yake tafiya, ta narkar da shi a matsayin abinci, ƙwayar HIV ta narke tare da shi, domin a jikin sauro babu CD4 da za ta shiga ta hayayyafa.

Sai a ce, to ya aka yi maleriya take wucewa? Ai ita ƙwayar maleriya jikin sauro gidanta ne. Tana shiga cikinsa ta girma, ta sauya kama, bayan kwana goma ko fiye ta ƙaura zuwa inda miyau ke taruwa, ta jira cizo na gaba. HIV ba ta iya wannan tafiya.

Wanda bai gamsu da wannan ba, ga hujjar da na fi so, don ba ta bukatar madubin likita. A tsakiyar shekarun 1980 an sami yawan masu cutar a Belle Glade, wani garin manoman rake a jihar Florida ta Amurka, mai dausayi da sauro kamar me. Wasu suka dage cewa sauro ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta je ta gwada jinin mutanen garin, ba ta sami ko yaro ɗaya ɗan shekara 2 zuwa 10 yana ɗauke da ƙwayar ba. Shin sauro yana tambayar shekaru kafin ya yi cizo? Ku duba namu: wa ya fi yaran Goronyo da Rabah shan cizo? Da sauro ne, da asibitocinmu sun cika da 'yan firamare masu ƙanjamau yadda suke cika da masu zazzaɓi bayan saukar ruwa. Binciken ƙasa na 2018 ma ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke da ita a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6, alhali nan ne maleriya ta fi yi mana ɓarna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, zargin sauro yana kawar da ido daga hanyoyin gaskiya: saduwa da mai ɗauke da ita ba tare da kariya ba, ƙarin jinin da ba a tantance ba, allura ɗaya ga mutum biyu, askar wanzami ko ƙahon da ba a tafasa ba, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen ciki, haihuwa ko shayarwa. Magidanci ya tafi ci-rani ko ya raka motar albasa kudu ya yi watanni, ya dawo gida mai mata biyu ko uku. Ko bazawara ta yi sabon aure ba a san abin da ya kashe mijinta ba. Cin tuwo a kwano ɗaya, musabaha, buta, tabarmar masallaci, duk ba ruwansu.

Tun da an ambaci albasa, manoman tafarnuwa na yankinmu su yi haƙuri. A zamanin shugaba Thabo Mbeki, ministar lafiya ta Afirka ta Kudu, Manto Tshabalala-Msimang, ta yi ta tallata tafarnuwa da lemon tsami, gwamnati tana jan ƙafa wajen raba magani. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000. A 2007 kuma shugaba Yahya Jammeh na Gambiya ya ce yana warkar da cutar da saiwoyi, ya sa marasa lafiya suka ajiye maganinsu. Tafarnuwa tana da amfaninta a miya. Mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir, shawara da ƙanjamau, ku bar shi da kayansa.

Maganin gaskiya ya fara da AZT a 1987, a 1996 aka gano haɗa magunguna uku ya fi. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma tun 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da shi kyauta. Ba ya kawar da cutar, amma yana danne ta har awo ya kasa ganinta a jini, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya riƙe shi ba ya sa wa matarsa. Mai ciki da ba ta sha magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan ɗauka. Idan ta sha yadda ya kamata, ba su kai 5 ba.

Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, sakamako kafin rabin awa. Wanda yake zargin ya ɗauka kwanan nan ya sake bayan wata uku, don ba ta nunawa nan take. Iyaye da waliyyai, ku nemi takardar gwaji daga ɓangaren ango da na amarya kafin a sa rana, maigida kuma ya bar matarsa ta je awon ciki tun watannin farko.