Shirin Musamman: Abin da Ke Kayar da Ƙananan Tashoshin Sola

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau shirin namu zai leƙa ƙananan tashoshin lantarki masu cin gashin kansu, irin waɗanda ake kafawa da faifan sola da batura domin ƙauye guda, ko kasuwa, ko makaranta. Tun 2016 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta fitar da ƙa'idojin kafa su a Najeriya, kuma a 2019 aka ƙaddamar da babbar tashar sola a Jami'ar Bayero ta Kano. Sai dai akwai wata matsala da ke hana injiniyoyi barci: tasha na iya ɗauke wuta alhali ga rana tsaka, ga batura cike. Me ke jawo haka?

(KIƊA)

Mu fara da tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki. Idan wuta ta yi rauni, sai haskensa ya dushe, ya rage abin da yake ja. Da haka yake sassauta wa layin, har wutar ta samu ta farfaɗo.

Kayan zamani ba su da wannan haƙuri. Cajar waya, da kwamfuta, da firji ko na'urar sanyaya ɗaki masu inbata, duk an ƙera su ne su riƙe ƙarfin aikinsu daram, ko wuta ta cika ko ta rage. Ga lissafin: na'ura mai cin wat 1,000 tana jan amfiya 4 da ɗoriya idan wuta na kan bolt 230. Da zarar ta sauka zuwa 180, sai ta koma jan amfiya 5 da rabi. Ƙarin jan nan yana ƙara durƙusar da wutar, ita kuma na'urar ta ƙara ja. Tamkar jaki ne ya fara jan ƙafa don gajiya, mai shi kuma ya ƙara masa kaya.

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da ake fama da rabin wuta ya san wannan. Kana jin sitabilaiza tana ƙas-ƙas a lungun ɗaki, tana gyara wa gidanka wuta, amma daga layin da maƙwabcinka ke sha take zuƙowa. Babban layi na ƙasa yana iya shanye irin wannan. Ƙaramar tasha kuwa ba ta da wannan ƙarfin: sai wuta ta shiga hawa da sauka, fitilu su yi ta ƙyaftawa, inbatar tashar ta kashe kanta don kada ta ƙone.

(KIƊA)

To, ina mafita? Tun 1976 wani masani a Amurka, Farfesa Middlebrook, ya nuna cewa dole tushen wuta ya kasance mai tauri, wanda jan na'ura ba ya saurin girgiza shi. A yau injiniyoyi na sanya kafasita, wadda ke ajiye ɗan caji ta cike giɓi cikin ƙiftawar ido. Suna kuma tsara inbata ta riƙa lafar da girgizar da kanta, ba tare da ɓarnatar da wuta ba. Inda inbatoci ke da yawa, kowace na ɗan sassautowa gwargwadon nauyin da ta ɗauka, sai kayan su rabu daidai. Idan abin ya ci tura, na'ura ta yanke manyan injuna, ta bar asibiti da fitilu.

Mu ma muna da namu aikin. Kafin ka sayi injin niƙa ko na walda, sanar da masu kula da tashar. A guji siririyar waya da jona wuta ta bayan fage. Manyan ayyuka a yi su da rana, lokacin da sola ke kan ganiyarta. Tashar ta gari ce gaba ɗaya, kuma abin da gida ɗaya ya jona yana shafar kowa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.